Rumbu, Cefane da Allo: Tattalin Gida da Karatun Yara a Ƙasar Wudil



1. Gabatarwa

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a shigo da maganar cefane da talla da allo cikin zauren jami'a. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan zancen tsakar gida ne, bai kai a tara masa shehunan malamai ba. To, amma duk ɗalibin da ke zaune a nan daga wani gida ya fito, kuma kafin ya iso inda yake sai da aka sayar da wani abu saboda shi, ko akuya ko buhun dawa, ko kuwa aka hana wani ƙanensa ko ƙanwarsa abin da shi aka ba shi. Saboda haka zancen tsakar gida yana da haƙƙi a kan jami'a.

Zan kafa misalaina da Ɗankaza, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil. Na zaɓe ta ne domin mutanenta manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, ga su kuma kusa da abubuwa biyu masu jan hankalin magidanci. Na ɗaya shi ne kasuwar Wudil mai ci ranar Juma'a, wadda kararta ta shahara a duk faɗin Nijeriya. Na biyu kuwa jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara karatu a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Abin da zan faɗa game da Ɗankaza ya shafi Darki da Utai da Lajawa da Indabo, har ma da sauran ƙauyukan ƙasar Kano.

Maganata guda ɗaya ce. A gidan Bahaushe da abu biyu ake sayen karatun yaro: da kuɗin da ke fita daga aljihun uba, da kuma lokacin yaron da ake cirewa daga sana'ar uwa. Hukuma da masu kira ga neman ilmi sun daɗe suna lissafa na farkon, suna mance na biyun. Muddin kuwa ba a lissafa su tare ba, za mu ci gaba da ganin aji ya cika da yara a farkon shekara, ya zama rabi kafin ƙarshenta.

2. Rumbun maigida da asusun uwargida

Tun kaka da kakanni arzikin gidan manomi a ƙasar Kano a kan gandu yake. Watau maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa, har da masu aure, su yi noma tare a gona ɗaya, amfanin da aka samu ya shiga rumbu ɗaya. Shi kuma maigida ya ɗauki nauyin ciyarwa da biyan haraji da yi wa samari aure. Bayan an tashi daga aikin gandu, kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya noma a can nasa ne. Yau gandu ya yi rauni, domin gado ya yi ta rarraba gonaki suna ƙanƙancewa, samari kuma sun karkata ga birni. Haraji da jangali ma Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano tun 1979. Amma tushen tsarin yana nan: rumbu na maigida ne, ciyarwa kuma a wuyansa take.

Shari'ar Musulunci ita ta ƙarfafa wannan tsari. Ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, ko da matarsa ta fi shi wadata. Dukiyar mace kuwa tata ce, ko ta sadaki ce ko ta gado ko ribar sana'a. Wannan ya sa a gida ɗaya ake samun jaka biyu waɗanda ba a gauraya su. Ba abin mamaki ba ne a wurinmu mutum ya ranci kuɗi a hannun matarsa ya biya ta, ko ya sayi ƙuli-ƙulin da ta yi da gyaɗar da shi ya sayar mata. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa yakan yi mamakin haka, mu kuwa mun san shi ke hana rigima.

Jakar uwargida daga ina take cika? Daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da fura da ƙosai da awara, da daddawa, da ɗinkin hula da saƙar faifai, da kitso da surfe. Ina take ajiya? A asusu, da kiwon awaki da tumaki da kaji, da zubin adashi, da kuma gudummawar biki, wadda a zahiri kyauta ce amma a baɗini ajiya ce, tun da ranar naki bikin za a mayar miki, sau da yawa har da ƙari. Ina kuma kuɗin ke tafiya? Mafi yawansa ga kayan ɗakin 'ya mace, sauran kuma ga mahaɗin miya idan abin da maigida ya bayar bai kai ba, da maganin yara, da zumunci.

Bari mu ƙaddara wani magidanci a Ɗankaza mai iyali goma. Wannan misali ne na kawo don a gane, ba ƙidaya ba ce. A ce gidansa na cin kwano biyu na hatsi kowace rana. A shekara ya ci kwano 730 ke nan. In muka ɗauka kwano 40 ke cika buhu, abincin shekara ya kama buhu 18 da kwano 10. A ce Allah ya yi wa damina albarka ya sami buhu 25 na gero da dawa. Zakka ta ɗauke ɗaya bisa goma, watau buhu biyu da rabi. In ya ware abincin shekara, abin da ya rage masa buhu huɗu ne da 'yan kwanuka. A cikin wannan zai fid da iri, ya sayi taki, ya yi wa iyali kayan Salla, ya yi suna in an haihu, ya kai maras lafiya asibiti, sa'an nan ya sayi littattafai da kayan makaranta. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai daina mamakin abin da ya sa gida ba ya iya tsayawa sai da jakar uwargida.

3. Talla

Matan aure da yawa a ƙasarmu a cikin kulle suke, ba su zuwa kasuwa. Duk da haka ciniki mai yawa a hannunsu yake. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta lura cewa hatsi da abincin da ake saye da sayarwa daga wannan gida zuwa wancan bai gaza cinikin wata kasuwa ba, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu ba a ɓoye yake gare mu ba, domin mun san masu ɗauke da shi a ka. Yara ne. Su ke sayo gyaɗa, su kai niƙa, su ɗauki tire su zaga gari, su komo da ciniki, su je karɓo bashi, su kai zubin adashi gidan uwar adashi.

Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nazarin wannan al'amari a unguwannin birnin Kano cikin shekarun 1970, daidai lokacin da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa. Abin da ta gano shi ne abin da kowace uwa ta riga ta sani: samun matar kulle ya dogara ne ga yaran da take da su a hannu, kuma in makaranta ta ɗauke su, sana'arta takan ja baya. Shi ya sa wadda ba ta da ɗa takan karɓi riƙon 'yar 'yar'uwarta.

A nan ne jakar nan biyu suke karo. Al'ada ta ɗora wa uwa kaso mai nauyi na kayan ɗaki. Dā kwanuka ne da tasoshi da ake jerawa, yau kuwa gado ne da katifa da kujeru da kabad. Uwa tana ganin in 'yarta ta tare da ɗaki fayau, kishiyoyi da dangin miji za su raina ta, ita ma uwar a yi da ita a gari. To, in malamin makaranta ya zo ya ce a bar yarinya ta zauna aji tun daga safe har azahar, abin da uwar ke ji shi ne an ce ta ajiye fura da ƙosan safe, waɗanda su ne cinikin da ya fi kawo kuɗi. Wanda ya kira wannan uwa jahila bai yi mata adalci ba. Lissafi ta yi, kuma bisa ga abin da ke gabanta lissafin ya fita.

Sai dai akwai abin da lissafin nata bai ƙunsa ba. Yarinyar da ta tashi a bakin tasha da gefen titi tana cikin haɗarin mota da na mutanen banza. Kuma kayan ɗaki suna tsufa, suna karyewa, wani lokaci a sayar da su in wahala ta zo, karatu kuwa yana bin mai shi har gidan miji, in aure ya mutu ya biyo ta gida. Aikinmu shi ne mu sa wannan a cikin lissafin ba tare da mun karya jarin uwa ba.

4. Abubuwan da suka sauya

Cikin shekara hamsin da 'yan kai abubuwa uku sun girgiza tattalin gida. Na farko shi ne lalacewar darajar kuɗi. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, a wannan shekara kuma aka yi babban farin da dattawa ba su mance ba. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, ma'aikaci kuma yana riƙe gida da shi. Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, naira ta kama gangara. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan Yuli na shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Darasin da ke ciki ga uwargida shi ne, kuɗin da aka jefa a asusu raguwa yake yi ko ba a taɓa shi ba, akuya kuwa haihuwa take yi. Haka nan ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya nuna cewa gidan da ke da hatsi a rumbu ya fi mai kuɗi a banki kwanciyar hankali.

Na biyu shi ne shigowar makaranta kowane ƙauye. A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3, aka rasa azuzuwa da malamai. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Jihar Kano ta yi shelar nata ilmin kyauta kuma dole a 2019, sa'an nan a watan Yuni 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Maimaita shela sau huɗu a kan abu ɗaya ya isa ya nuna mana cewa akwai inda gizo ke saƙa. Kalmar kyauta tana nufin ba a biyan kuɗin makaranta. Ba ta ɗauke wa uba takalmi da biro da littafin rubutu da kuɗin tara ba, ba ta kuma mayar wa uwa cinikin da ta rasa ba.

Na uku shi ne yawan makarantun da yaro ɗaya ke zuwa. Dā allo ne kawai, da safe da yamma, iyaye su ba da kuɗin Laraba. Daga shekarun 1950 makarantun Islamiyya suka fara yaɗuwa, marigayi Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin kafa su. Yau yaro guda yakan yi allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da la'asar. Kowace da nata kuɗi, kowace kuma da sa'o'in da take ci.

5. Gida shi ne makarantar farko

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai iyayen da ba su kai 'ya'yansu makaranta sam, su suke koya musu a gida, doka kuma ta yarda. Ba wannan nake kira gare shi ba. Dokar ƙasarmu ta wajabta makaranta, kuma iyaye kaɗan ne a karkara za su iya koyar da kimiyya da Turanci. Abin da nake nufi shi ne mu farfaɗo da abin da muka gada, watau gida ya riƙe nasa rabon na koyarwa.

Wannan gado ba ƙarami ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai na nesa suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya kuma aikata abin da ya faɗa a gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gida ta yi karatu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwar mace ta zama jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jaji ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu su koma su koyar a gidajen aure. Watau tun kafin a gina aji ko ɗaya na boko a ƙasar nan, an san hanyar kai ilmi ga matar da ba ta fita.

Ban da karatun addini, tsakar gida tana da nata darussa. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare tana koya wa yaro sauraro da jera magana bi da bi. Kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa. Yarinyar da ke ba da canji a talla ta iya tarawa da ɗebewa tun ba ta san sunansu ba. Yaron da ke bin ubansa gona ya san lokacin shuka da firi da maimai, ya san bambancin jigawa da fadama. Duk wannan ilmi ne, sai dai mun bari makaranta ta raina shi, mu ma muka biye mata.

A watan Maris 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, ba a buɗe su a Kano ba sai wajen Oktoba. Gwamnati ta sa darussa a rediyo da talabijin. Wata bakwai ɗin nan sun zama jarrabawa ga gidaje. Inda akwai wani babba da ke zaunar da yara ya kunna musu rediyo ya tambaye su abin da suka ji, karatu bai yanke ba. Inda aka ɗauka koyarwa aikin malami ne shi kaɗai, yara suka koma aji sun mance abin da suka sani, wasu ma ba su koma ba, talla ko aure ko zuwa birni ya ɗauke su.

6. Shawarwari ga iyaye

Na farko, a yi lissafin shekara tun da kaka. Kissar Annabi Yusufu, alaihis salam, ta koya mana cewa a lokacin yalwa ake tanadin lokacin ƙunci. Ranar da aka gama sussuka, maigida ya ware zakka da abincin shekara da iri, sa'an nan ya ware rabon makaranta kafin ya waiwayi biki ko ƙarin aure. Akwai dalili na musamman. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, gero bai gama shiga gida ba, dawa kuwa sai wajen Nuwamba. Watau makaranta tana neman kuɗi daidai lokacin da manomi ya fi kowa talauci. Amma kuma a wannan lokaci ne hatsi ya saba yin tsada. Buhu ɗaya da aka ɓoye tun kaka, aka sayar da shi da marka, yakan yi abin da ya fi na wanda aka kai kasuwa ranar da kowa ke kaiwa. Wanda bai yi wannan tanadi ba shi ke faɗawa hannun masu ba-da-kaka, ya ci amfanin gonarsa tun yana tsaye.

Na biyu, a yi wa kowane ɗan makaranta dabbarsa. 'Yar akuya guda da aka ce ta karatun wance ce, in Allah ya raya ta, 'ya'yanta za su riƙa sayen littafi da takalmi, ga kasuwar Wudil kusa. Uwargida kuma in tana adashi, ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo gab da komawa makaranta.

Na uku, wanda shi ne zuciyar maganata, maigida ya san cewa in ya ce yarinya ta bar tallan safe ta tafi aji, jarin matarsa ya taɓa. Adalci shi ne ya zauna da ita su yi magana, ya ɗauki wani kaso na kayan ɗaki a wuyansa tun yarinyar tana ƙarama, ya kuma taimaka a sauya sana'ar zuwa wadda ba ta bukatar yawo da safe. Akwai kayan da masu saye ke biyowa har gida, kamar man gyaɗa da daddawa da itace da kayan miya. Akwai waɗanda ake ba mai kanti ko dillaliya sari. Wayar hannu ma ta rage aike. In kuwa tallan ya zama dole, to ya kasance bayan an taso, cikin unguwa, a gama kafin magariba.

Na huɗu, dattawan gari da malamai su sa baki a rage gasar kayan ɗaki da lefe da gara. Uwa ɗaya ba za ta iya karya wannan al'ada ita kaɗai ba, domin ita za a yi wa dariya. Amma in liman da dagaci da masu unguwanni suka haɗa baki, suka kuma fara da gidajensu, sauran jama'a za su sami mafaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a keɓe lokacin karatu a gida, ko da tsakanin magariba da lisha ne. Fitila mai aiki da hasken rana ta wadatar. Wa ya koya wa ƙane, ya ta koya wa ƙanwa. Uban da bai yi boko ba kada ya ce ba ruwansa. Ya ce, “Zo, karanta mini abin da aka koya muku yau,” ya buɗe littafin ya ga ko an yi rubutu, ko malami ya duba. Yaron da ya san za a tambaye shi da dare, zamansa a aji dabam ne. Kuma a fara da Hausa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 kuma ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Uban da ya iya ajami ya koya wa ɗansa, domin wanda ya gane cewa baƙi yana ɗauke da sauti a rubutu ɗaya, ba zai sha wuya a ɗayan ba.

Na shida, a ba yaro littafin cefane. A sayi ɗan littafin rubutu, a ce wa ɗan aji huɗu ko biyar shi ne magatakardan gida. Kullum ya rubuta kwano nawa aka ɗiba, nawa aka kashe a mahaɗi, nawa aka zuba a adashi, wa ya ci bashin ƙuli-ƙuli. Ranar Juma'a ya tara ya karanta wa iyayensa. Da wannan ya yi darasin lissafi da rubutu, iyaye sun ga inda kuɗi ke zurarewa, uwa kuma ta ga amfanin boko a cikin sana'arta tun yau, ba sai bayan shekara goma ba.

Na bakwai, a bar uwa ta yi karatu. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya tun 1980, ga kuma Islamiyyun matan aure a garuruwa da ƙauyuka. Uwar da ta iya karatu ita ce malamar da ba a biya, ba ta kuma zuwa yajin aiki.

7. Kammalawa

Shugaban taro, na fara da cewa kowane ɗalibi a nan an sayar da wani abu saboda shi. Zan rufe da roƙo gare ku, ku ɗalibai. In an yi hutu kun koma gida, ko Ɗankaza ne ko wani gari, ku tambayi mahaifiyarku wace ce ta ɗauki tire lokacin da kuke aji. Sau da yawa za ku tarar wata ƙanwarku ce ko yayarku. Wannan bashi ne a kanku, kuma hanyar biyansa a buɗe take: ku zaunar da ƙannenku da dare ku koya musu, ku rubuta wa mahaifinku lissafin kaka, in kun fara samu kuma ku ɗauke wa mahaifiyarku wani abu daga kayan ɗakin da ke hana ta barci.

Ga malaman jami'a kuwa, ƙauyukan da ke kewaye da mu suna jiran bincike. Muna bukatar sanin abin da talla ke kawowa gida a zahiri, da abin da karatun yaro ɗaya ke ci a shekara, da watannin da yara suka fi ƙaurace wa aji. Wanda ya tattara wannan ya ba hukuma, ya yi wa ilmi aikin da ya fi shela.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawar ma sai ya ci ya ƙoshi. Allah ya yi wa rumbunanmu albarka, ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ya ɗora musu.